Ba ni da kuɗin lauya, shi ke nan na rasa 'ya'yana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni mazauniyar Rigasa ce, shekarata 29, 'ya'yana uku. Wata bakwai ke nan da mijina ya yi mini saki ɗaya, ko idda ban fara kirki ba ya ce in tattara in tafi gidanmu. Ya bar mini ta goye, ya kwashe manyan biyu, namiji ɗan shekara bakwai da mace 'yar shekara biyar, ya kai wa mahaifiyarsa. Tun ranar ko sabulu bai aiko ba. Awara nake soyawa a ƙofar gida, da ita muke ci. Na je wurin wani lauya ya ce sai na kawo naira 150,000 kafin ya buɗe mini fayil. Babana ya ce in haƙura, 'ya'ya na uba ne, in sun girma za su neme ni. Barista, ba na iya barci. Akwai inda ake taimakon irinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Akwai. Kuma tun kafin mu zo kan masu taimakon, ki sani ƙarar da kike son yi ba ta cin naira 150,000, lauya ma ba dole ba ne a cikinta.

Aurenku na Musulunci ne, don haka kotun shari'ar Musulunci ce ke da hurumin sauraron ki. Akwai ta nan Rigasa, akwai a Magajin Gari, kuma da Hausa ake magana a ciki. Za ki shiga ofishin rajistara, ki tarar da mutum a bayan tebur da babban littafi, ya tambaye ki me ke tafe da ke. Ki faɗa masa da bakinki: kina ƙarar tsohon mijinki, kina neman riƙon 'ya'yanki biyu da kuɗin ciyar da su ukun. Zai rubuta, ya faɗa miki kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci, a sa muku rana. Duk abin da kika biya ki nemi rasit. A bakin kotuna ba a rasa masu zaman gindin bishiya da tsohon fayil a hammata, kina sauka daga Keke Napep za ki ji, "Hajiya zo, na san alƙali, yau-yau za a gama miki." Ki gaishe shi ki wuce. Na taɓa karɓar shari'ar wata baiwar Allah da ta sayar da keken ɗinkinta ta ba irin wannan mutum kuɗin, da muka duba littafin kotu ko sunanta babu.

Sai maganar Baba. Allah ya ƙara masa lafiya, abin da ya taso ya tarar ya faɗa, kuma rabin maganarsa gaskiya ne. 'Ya'ya na uba ne wajen nasaba da suna da gado, ciyarwa da tufatarwa da magani da karatu duk a wuyansa suke. Amma riƙo, wanda malamai ke kira hadana, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce gaba da kowa bayan rabuwa. Yana nan a cikin Risala da ake karantawa a zaurukanmu: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In ma uwa ta yi wani auren, ko aka samu wani dalili da ya hana ta, riƙon ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ɗakin uba. Kakarsu ta wajen uwa, wato mahaifiyarki, ita ce ta gaba a layi, tana gaban kakar da suke hannunta yanzu. Ki roƙi limamin unguwarku ya zauna da Baba ya karanta masa wurin. Dattijo ya fi karɓar irin wannan magana daga bakin malami, kuma za ki fi ƙarfin gwiwa in da yardarsa kika fita.

Wannan "in sun girma za su neme ki" ita ce maganar da ba na iya ji in yi shiru, don a gidanmu aka yi ta. Ina ƙarama aka saki yayata, aka riƙe 'yarta tana da shekara huɗu, aka ce ta haƙura. Ta haƙura. Duk Sallah sai ta ɗinka wa yarinyar kaya, ta sayi ɗan kunne da takalmi ta aika. Wata shekara aka dawo mata da su a cikin ledar da ta ƙulle, ko kwancewa ba a yi ba. Ina gani ta buɗe akwatinta ta sa ledar a ƙasa, ta rufe, ba ta ce komai ba. Yarinyar ta neme ta kuwa, bayan ta yi aure, amma har yau Anti take ce mata. Babu wanda ya taɓa gaya wa yayata cewa shari'a na tare da ita.

Saboda haka kada ki ƙara jinkiri. Wata bakwai ba su yi yawa ba, amma duk watan da ya ƙaru yana ba wancan ɓangaren bakin cewa da kanki kika sallama yaran, ga shi har sun saba da inda suke. Haka kuɗin ciyarwa: na watannin da suka wuce wuyar karɓowa gare su, ƙarfin maganar yana farawa ne daga ranar da alƙali ya yanka adadi. Kuma ko wa ya kawo miki takarda ya ce ki sa hannu ko ki dangwala "don a zauna lafiya", kada ki taɓa sai wanda kika amince da shi ya karanta miki ita tas.

Ko da yake za ki iya tsayawa da kanki, ina so ki samu mai tsaya miki, musamman in tsohon mijinki ya ɗauko lauya. Inda nake fara tura mata shi ne ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Tun 1964 take aiki a Najeriya, tana da reshe a Kaduna, kuma aikinta ke nan, tsaya wa mata da yara marasa hali ba tare da kuɗin lauya ba. Yawanci sukan fara da gayyatar mijin a zauna a yi sulhu. Kada ki raina wannan zama. Namijin da ya ƙi jin maganar mai unguwa, sau da yawa in ya ga takardar gayyata da hatimi sai jikinsa ya yi sanyi. In an daidaita, ki nemi a rubuta komai dalla-dalla, nawa ne a wata, ranar nawa ga wata, wa zai biya makaranta, ranar da zai riƙa ganin yaran, sannan a kai gaban alƙali ya tabbatar, ta zama hukunci. Sulhun baka a zaure daɗi gare shi ranar da aka yi shi, bayan wata biyu kowa da abin da ya tuna.

Gwamnatin tarayya ma tana da hukumar ba da agajin shari'a, a allonsu za ki ga an rubuta Legal Aid Council. An kafa ta a 1976, dokar da take aiki da ita yanzu ta 2011 ce, kuma ma'auninta shi ne mutumin da samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Mai suyar awara da goyo ta shiga ciki. Aikinsu ya fi yawa a wajen waɗanda ke tsare, amma suna ba da shawara, suna yin sulhu, in abin ba nasu ba ne su nuna miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, ita ma tana da ofishi a Kaduna, tana karɓar koken watsi da yara kyauta. Ga ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ga reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA, inda za ki nemi kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam. Masu karatu na wajen Zariya kuma, tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo tana da ofishin da ɗalibai ke ba da shawara kyauta ƙarƙashin kulawar malamansu.

Kyautar a aikin lauya take, ƙanwata. Kuɗin mota da na hoton takardu da na sammaci daga jakarki za su fito, kuma za a iya ɗage zama sau biyu ko uku. Ki fara ware wani abu a asusu daga cinikin yau.

Ranar da za ki je, ki ɗauki takardar saki in ya rubuta, in da baki ya yi ki tuna su wa ke wurin. Ki haɗa da takardun haihuwar yaran, katin asibiti, rasit na makaranta, da duk saƙon da ya turo miki a waya, har na murya ta WhatsApp, kada ki goge ko da zagi ne. Sai abu ɗaya da nake roƙon kowace mace ta yi: ki sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ki riƙa rubuta abin da kike kashe wa ta goyen kullum, koko, sabulu, maganin zazzaɓi, komai ƙanƙantarsa. Alƙali yana yanka kuɗin ciyarwa ne gwargwadon ƙarfin uba da buƙatar yara. Macen da ta ce "Allah gafarta Malam, ba ya ba mu komai" ta fara kuka, da wadda ta buɗe littafi ta ce ga abin da wata guda ke ci, ga kuma sana'arsa da inda shagonsa yake, ba ɗaya suke fitowa ba. Ki faɗa wa alƙali zancen fitar da ke cikin idda ma, domin a saki ɗaya zamanki a ɗakinki da ciyar da ke har ki gama haƙƙinki ne.

Kada zafin zuciya ya sa ki je ki ɗauko yaran da ƙarfi ko a ɓoye, zai ɓata miki shari'ar da ke hannunki. Ofishin 'yan sanda ma ba ya raba riƙon 'ya'ya. Amma in ya kai ga duka ko barazana, wannan laifi ne, jihar Kaduna ta yi dokar hana cin zarafin mutane tun 2018, ki kai rahoto ranar. In hukunci bai yi miki ba, akwai ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, sai dai lokacinsa ƙayyadadde ne, ki nemi kwafin shari'a a makon da aka yanke. Ki sake rubuto mini bayan zaman farko, ina son in ji yadda aka yi.

TAMBAYA: Barista, ni Kirista ce daga Sabon Tasha. Mun yi aure a coci da rajista, bara mijina ya bar gida. Kotun gargajiya zan je?

AMSA: A'a 'yar'uwa. Auren rajista Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke raba shi, ƙarƙashin dokar al'amuran aure ta 1970, ita ce kuma za ta yanke riƙon yara da ciyarwa a cikin wannan ƙarar. Kotun gargajiya ta auren gargajiya ce. Nan kam kina buƙatar lauya, don a rubuce ake shigar da komai, kuma in auren bai cika shekara biyu ba sai an nemi izinin kotu tukuna. FIDA ba ta tambayar addini. Ki je musu da takardar aurenku ta asali, ki bar kwafi biyu a gida.