Abin da ya ƙona maka ƙwan

Ka ce ɗan ƙwan LED ɗin da ka jona kai tsaye da batir mai bolt 9 walƙiya ɗaya ya yi ya mutu, alhali na malamin kimiyya a makaranta yana ci lafiya lau. To ɗana, da ka ƙura wa haɗin malamin ido, da ka ga wani ɗan mitsitsin abu mai zobban launi tsakanin batir da ƙwan. Rizista ke nan, shi ka tsallake.

Batir turawa kawai ya sani, ba ruwansa da abin da ke gabansa. Waya hanya ce, makunni kuwa ya yanke ta ko ya haɗa ta, ba sai na ja ka da nisa ba. Rizista shi ne linzami. Jan LED bolt 2 ko kusa da haka yake ɗauka, kuma ba ya son wutar da ke ratsa shi ta haura miliamf 20, wato amf 0.02. Ragowar bolt 7 ɗin fa, wa zai shanye su? Rizista. Raba 7 da 0.02, za ka samu om 350 (da om ake auna ƙarfin rizista). Ba kasafai ake samun wannan lamba ba, don haka ɗauki na 390, da launin zobbansa za ka gane shi: zobe ruwan lemo, sai fari, sai ruwan ƙasa. Kullum na sama ake ɗauka. Wannan lissafi dokar Ohm ce, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827, kuma a wasu gwaje-gwajen da ake ba ɗalibai ita ake so su gani da idonsu. Kada ka manta doguwar ƙafar ƙwan wajen alamar tarawa take zuwa. In ka juya, ba zai kama ba.

Sai maganar awo, inda ɗalibai suka fi yin ɓarna. Boltmita, na'urar auna bolt, daga gefe take awo, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can, ba ka kwance komai ba. Amita kuwa, mai auna amf, sai ka yanke hanya ka sa ta a tsakani, wutar ta ratsa ta. Cikinta kusan waya ce zalla, shi ya sa in ka ɗora ta a bakuna biyu na batir kamar boltmita, wuta ta kwararo babu mai tare ta, fiyus ɗinta na iya tafiya nan take.

Yanzu ɗauko sabon ƙwan ka sake haɗawa da rizistan, amita a tsakani. In batirin sabo ne, za ka ga miliamf 18 ko kusa da haka. In ka ga wani abu daban, kashe makunni ka kira ni.