Shin ƙwai, kifi da madara suna ƙara melatonin a jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Barci yana ba ni wahala. Wata ƙawata ta ce in bar ƙwayar melatonin, in riƙa cin ƙwai da kifi, in sha madara da dare, wai duk akwai shi a ciki. Gaskiya ne? Kuma zai ishe ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta faɗi rabin zancen.

Akwai melatonin, wato sinadarin da jiki ke fitarwa da dare don ya shirya barci, a ƙwai, kifi, nama da madara, tunda dabbobin ma jikinsu yana yinsa. Hasali ma, daga ƙwaƙwalwar shanu wani likita mai suna Aaron Lerner da abokan aikinsa suka fara tace shi a jami'ar Yale ta Amurka a 1958. Matsalar ita ce yawansa. A abinci da nanogiram ake auna shi, ƙwayar da ake sayarwa kuwa da miligiram, kuma miligiram 1 nanogiram 1,000,000 ne. Kofin madara ko ƙwai biyu ko kusa da ƙwaya ɗaya ba su zo ba. Ɗan abin da ya shiga ɗin ma, hanta ce ke fara tare shi ta narkar da mafi yawansa.

Amfanin waɗannan abinci yana wani wajen. Furotin ɗinsu yana ɗauke da tiriftofan, wani sinadari da jiki ba ya iya ƙerawa, dole sai an ci. Jiki yana juya shi zuwa wani sinadarin mai suna serotonin, da taimakon bitamin B6, sannan wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna faniyal, wanda bai fi ƙwayar shinkafa girma ba, ya mayar da serotonin ɗin melatonin. To amma ƙullutun nan ba ya kama aiki don kin ci kin ƙoshi. Umarni yake jira daga ido. In duhu ya yi, saƙo ya bi jijiya ya iso gare shi, sai ya fara zubawa cikin jini, ya kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare, gari na wayewa ya ja baya. Shi ya sa wadda ta ci kifi da magariba, ta kwanta da fitila a kunne da waya a gaban fuskarta har ƙarfe ɗaya, ta tara kayan aiki ne amma ta hana ma'aikaci tashi.

Abin da ke burge ni shi ne nonon uwa: na dare yana da melatonin, na rana kusan babu. Jariri ba ya daidaita nasa sai ya kai wajen wata uku, kafin nan na uwarsa yake ara. Madarar shanun da aka tatsa da dare ma ta fi ta rana melatonin.

A ganina, mai cin furotin daidai gwargwado ba ta rasa tiriftofan, kuma ninka shi ba ya ninka barci, domin mafi yawansa wasu ayyukan jiki yake tafiya. Ki ci abincinki, ki rage haske awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, ki fita hasken safe. Idan rashin barcin ya kai wata uku, ko kina da juna biyu, ko kina shan maganin tsinka jini, ki ga likita ido da ido kafin ki ci gaba da ƙwayar.