Ƙullutu a mara: ciki ne, ƙari ne, ko me?

Tambaya: Likita, shekaruna 38, ina zaune a Aboabo, Kumasi, 'ya'yana biyu. Wata shida ke nan in na kwanta rigingine da safe nakan taɓa wani abu mai tauri a marata kamar lemo. Al'adata ta koma kwana tara da gudajin jini, ga yawan fitsari. Na sayi maganin narkar da ƙari a kasuwar Kejetia, ban ga canji ba. Tsorona kada in je asibiti su cire mini mahaifa.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Abin da kika kwatanta ya fi kama da ƙarin mahaifa, wato faibroid, amma hannu ba ya tantance ƙullutu, ko da hannun likita ne. Mara wuri ne mai cunkoso. Mahaifa na tsakiya, mafitsara a gabanta, hanji a bayanta, ma'ajiyar ƙwai biyu dama da hagu. Kowanne na iya kumbura. Har kashi da ya taurare a hanji, ko mafitsarar da ta cika dam, sukan ruɗi mutum.

Shi ya sa ake bin abin daki-daki. Farko gwajin ciki da fitsari, ko da mace ta rantse ba ta da shi, domin ciki a wajen mahaifa yana kisa idan ya fashe. Sai likita ya taɓa ya auna girman abin da ma'aunin ciki. Idan yanzu ya leƙo saman ƙashin mara, kamar cikin sati 12 ke nan. Idan ya kai cibiya, sati 20.

Sannan sikanin, wato hoton ciki na na'ura, wanda shi ne mai raba gardama. Ki sha ledar ruwa biyu, wato lita ɗaya, awa guda kafin a kira ki, kuma kada ki yi fitsari, don cikakkiyar mafitsara ce ke ture hanji mahaifa ta fito sarai. Wani lokaci a sake yi ta farji, wannan kuma sai kin yi fitsarin tukuna. Kada ki karɓi takardar da aka rubuta "faibroid" kawai. Ta faɗi guda nawa ne, santimita nawa, da inda kowanne ya zauna. Wurin zaman ya fi girman muhimmanci: ɗan ƙaramin ƙari da ya leƙa cikin ramin mahaifa ya fi babba na waje zubar da jini, shi kuma wanda ya danne mafitsara shi ke sa mace zaryar banɗaki.

Idan kuma daga ma'ajiyar ƙwai ne, hukunci ya sauya. Jakar ruwa zalla da ba ta kai santimita 5 ba, a jikin mace mai ganin al'ada, yawanci takan baje da kanta cikin wata biyu zuwa uku, sai dai a sake dubawa. Wadda ke da tsoka a ciki, ko ɗakuna-ɗakuna, ko aka ga ruwa ya taru a cikin mace a wajen jakar, musamman ga wadda al'ada ta ɗauke mata, ita ake zargi da daji. A nan ake gwajin jini na CA-125. Amma kada lamba sama da 35 ta tayar miki da hankali, don faibroid kansa yakan ɗaga ta. Ƙullutu mai zafi tare da zazzaɓi da ruwa mai wari kuwa, yawanci mugunya ce daga ciwon sanyin da ba a magance da kyau ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki jinin ne. Ki ja fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi. Idan ta yi fari, ko kina haki wajen hawa bene, ko kina kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara, jininki ya ragu. A auna shi. Ƙasa da 12 ƙarancin jini ne, kuma ana farawa da ƙwayar ƙarin jini da maganin rage zuba irin su tiranezamik asid tun kafin a yi zancen wuƙa.

Maganin kasuwa ba ya narkar da faibroid, domin tsoka ce ba kitse ba. Ki daina shansa, amma ki tafi da kwalbar likita ya gani. Batun cire mahaifa kuma, ba a yi sai da sa hannunki. Akwai aikin da ake ciro ƙarin kaɗai a bar mahaifa, ko da yake wani na iya sake tsirowa. Wanda ba ya damun mace ma ƙyale shi ake yi, tunda yakan motse bayan al'ada ta ɗauke, kuma da wuya ƙwarai ya zama daji.

Ki fara da Asibitin Manhyia da ke kusa da ke, in da buƙata su tura ki babban asibitin Komfo Anokye. Amma idan ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya a gefe guda tare da amai, ko jiri ya ɗebe ki, ko kina jiƙa audugar mata duk awa, ko fitsari ya ƙi fita, ki tafi sashen gaggawa a lokacin, ko da tsakar dare ne.