Waƙa da yankan maƙogwaro: me ke sauyawa idan wasan dandamali ya koma fim?

Tambaya: Na kalli Sweeney Todd na Johnny Depp, sai na ji an ce asalinsa wasan dandamali ne na waƙoƙi. Ta yaya labarin kisa irin wannan ya yi kasuwa a gaban 'yan kallo? Kuma fim ɗin ya kai wasan kyau?

Amsa: Malam, wasan ya girme wa fim ɗin da kusan shekara 30. An fara shi a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo da ke New York, a 1979. Stephen Sondheim ne ya yi waƙoƙin, Harold Prince ya ba da umarni, kuma wasan ya ci lambobin yabo na Tony guda 8. Labarin wanzami ne da wani alƙali azzalumi ya sa aka kore shi zuwa Ostireliya don alƙalin ya samu matar wanzamin. Bayan shekara 15 ya dawo Landan da askarsa yana neman fansa, maƙwabciyarsa Misis Lovett kuma tana cusa naman waɗanda ya yanka cikin burodi, ta gasa ta sayar.

Abin da ya sa mutane ke iya zama su kalli wannan har su yi dariya shi ne nisa. Wanda ke kujera ta ashirin ba ya ganin bakin aska a wuya. A shirin Prince, idan aka yi kisa sai a busa wani usur mai ƙara irin na masana'anta, jikinka ya yi yar, sauran kuma zuciyarka ce ke ƙarasawa. Kyamara ba ta da wannan kunya. Da Tim Burton ya yi fim ɗin a 2007, ya dusashe launukan Landan har kamar baƙi da fari, ya bar jini kaɗai ja jawur yana tsartuwa a fuskar mai kallo. Shi ya sa waƙar da wanzamin da Misis Lovett ke yi suna zaɓen naman wane ya fi daɗi, na limamin coci ko na lauya, take sa zaure ya ɓarke da dariya a dandamali, amma a fim da ƙyar take sa murmushi.

Babbar asarar a wurina ita ce 'yan amshi. A dandamali akwai taron mawaƙa da ke buɗe wasan, su riƙa dawowa suna ba da labarin, kamar yadda 'yan amshin makaɗin fada ke riƙe masa gindin waƙa. A ƙarshe su juyo suna nuna 'yan kallo da yatsa, wai irin wannan mutum yana nan zaune a cikinku. Burton ya cire muryoyinsu gaba ɗaya, ya bar kiɗan kawai. Na gane dalilinsa, domin taron mutane su tsaya suna yi wa kyamara waƙa yana tsinka labari. Amma da tafiyarsu, labarin ya tashi daga zargin birni mai cin talakawansa ya koma baƙin cikin mutum ɗaya.

Fim ɗin ya yi riba ta wani gefe. Ɗan wasan dandamali dole ya ɗaga murya ta kai bayan zaure. Depp da ya fito a wanzamin da Helena Bonham Carter da ta fito a Misis Lovett ba ƙwararrun mawaƙa ba ne, sai suka yi waƙa ƙasa-ƙasa. Inda wanzamin ya ɗaga askarsa yana rera mata waƙa kamar masoyiya, idonsa na cikin ƙarfen, Misis Lovett na bayansa bai ma san tana yi ba, wannan kyamara ce kaɗai za ta nuna maka shi haka.

Kowane darakta da dabararsa ta mayar da wasan waƙoƙi fim. Bob Fosse a Cabaret na 1972 ya killace kusan dukan waƙoƙin cikin gidan rawa. Rob Marshall a Chicago na 2002 ya mayar da su cikin tunanin jarumar, fim ɗin kuma ya ci Oscar na gwarzon fim. Burton bai nemi wani uzuri ba, ya bar mutanensa suna waƙa a tsakiyar titi, fim ɗin kuma ya samu Oscar na tsara wuraren ɗaukar hoto.

Ko ya kai wasan kyau? A ganina fim ne mai kyau sosai, ya fi wasan ban tsoro, amma bai kai shi zurfi ba. Akwai ɗaukar bidiyo ta 1982 da Angela Lansbury ta fito a Misis Lovett. Ka neme ta, ka saurari buɗewar da 'yan amshin suka yi.