Hoton sikanin taurin tsoka yana fitowa a hargitse, mene ne mafita?

Ka ce launukan elastogirafi, wato sikanin da ke nuna taurin nama da launi, suna canzawa duk lokacin da ka auna wuri ɗaya. Yawanci laifin hannu ne, ba na na'ura ba.

Fara da gyara hoton fari da baƙi, domin in shi bai fito ba, na launi ma ba zai fito ba. Zuba jel da yawa, ka ɗora kan na'urar a miƙe, kada ka danna. Nan mutane suka fi kuskure: danna nama yana ƙara masa tauri, sai lafiyayyen wuri ya zama kamar ƙari. Sikanin nau'i biyu ne. In nau'in da ake latsawa ne, latsa a hankali, ka saki a hankali. In na igiyar girgiza ne, wanda na'urar ce da kanta ke girgiza naman, tsaya cak har launin ya zauna.

A tsoka, bi tsawon zaren naman. Ka karkata kaɗan, sai adadin taurin ya sauya. A hanta kuwa, mutum ya yi awa 4 bai ci ba, ya riƙe numfashi ba tare da ya ja shi sosai ba, ka auna sau 10.

Duba ma'aunin launi ma, wata na'urar shuɗi ne mai tauri, wata ja. Ƙullutun da ka yi shakka a kansa, miƙa wa likitan hoto, wato ƙwararren da ke karanta hoton sikanin.