Wai ilimin halayyar ɗan Adam ya ce a bar shan magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Azare. Ƙanena yana jin muryoyi, likita ya ɗora shi kan magani har ya samu sauƙi ya koma shagonsa. Sai wani a TikTok da ke kiran kansa masanin halayyar ɗan Adam ya ce masa ciwon tabon ƙuruciya ne da ya danne, wai Freud ya gano haka, kuma magani guba ne. Ya daina sha, yanzu ba ya barci, yana surutai shi kaɗai. Mun karanta Freud da Skinner a kwalejin ilimi, amma na rasa wace mazhaba ce daidai. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba shi lafiya. A mayar da shi wajen likitansa a makon nan, kada a jira.

Tunda kin san tushen, ba sai na ja ki da nisa ba. Tun da Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus a 1879, fagen ilimin halayyar ɗan Adam bai taɓa zama bakin mutum ɗaya ba. Freud ya tono abin da zuciya ke ɓoyewa, Watson da Skinner suka ce a auna ɗabi'ar da ake gani, Rogers da Maslow suka dubi ƙimar mutum, Aaron Beck ya nuna yadda gurguwar fahimta ke ciyar da ciwon damuwa. Kowa da inda ya fi amfani. Skinner yana miki aiki a aji, Beck yana mana aiki a asibiti, mu masana halayya na asibiti. Tun kafin su duka, wani masani Musulmi, Abu Zaid al-Balkhi, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi a fili da wanda ke tasowa daga jiki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan da ya faru da ƙanenki, domin kusan kullum ina gani. Mutum ya ɗan yi kwas a intanet, ya haddace sunan Freud, sai ya kafa waya yana yanke wa marasa lafiya hukunci ba tare da ya taɓa ganinsu ba. Babu wata mazhaba da ake aiki da ita a asibiti yau da ta ce mai jin muryoyi ya watsar da maganinsa. Babu. Fagen ma rassa ne: akwai masu aikin makarantu, masu aikin ma'aikatu, masu nazarin girman yara, masu nazarin zamantakewa. Na asibiti kaɗai ke zama da marar lafiya, shi ma sai ya yi digiri na biyu da horo a ƙarƙashin ƙwararre. Duk da haka, mu a Najeriya ba ma rubuta magani, ba ma cire shi. Wannan hurumin likitan ƙwaƙwalwa ne. To wanda bai kai ko ɗaya ba, wa ya ba shi izini?

Kuma ɓarnar ba shi ke kwasa ba. Uwa ce za ta kwana a bakin ƙofa tana gadin ɗanta, a sayar da akuya a yi kuɗin mota, wani lokaci har a kai ga mari a ƙafa. Yanke irin wannan magani farat ɗaya yana dawo da ciwon, sau da yawa fiye da da. Idan maganin yana sa shi kasala, ko rawar hannu, ko ƙiba, koke ne na gaskiya, kuma likita na iya rage shi ko canza shi.

Idan likitan nasa ya yi nisa, akwai sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi, akwai kuma na Tarayya a Gombe. Ku tafi da katinsa da ragowar maganin, ku faɗi ranar da ya daina sha. Kada ku yi masa faɗa. Idan ya ambaci kashe kansa ko cutar da wani, a kai shi a yau ɗin nan. Bayan ya natsu, ku nemi a haɗa shi da masanin halayya na asibitin, a zauna a yi maganar ƙuruciyar tasa yana kan maganinsa.