Zan iya shiga Japan da kilishi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, zan je Tokyo karon farko, kwana goma, don ganin kamfanin da nake sarin kayan gyaran mota a wurinsa. Batun abinci ya hana ni sukuni, ina tsoron in ci alade ban sani ba. Abokaina sun ce in cika jaka da kilishi da dambun nama, wai tunda busasshe ne babu ruwan jami'ai da shi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Don girman Allah kada ka ɗauki ko yanki ɗaya. Da wuya mako ya wuce wani matafiyi bai kawo mini wannan maganar ba, kuma wallahi na gaji da masu yaɗa ta, waɗanda yawancinsu ko filin jirgin Narita ba su taɓa takawa ba.

Dokar Japan ba ta bambanta ɗanyen nama da busasshe ko dafaffe ba. Kilishi nama ne, dambu nama ne, ko da an liƙe shi a leda an manna masa sunan kamfani. Wanda ya shigo da shi ba bisa ƙa'ida ba yana iya fuskantar tarar da ta kai yen miliyan 3, ko ɗaurin da ya kai shekara 3. Masu cewa ba a dubawa, su je wurin ɗaukar kaya a Narita ko Haneda. Akwai ƙananan karnuka masu dogayen kunnuwa da ke zagayawa, da zarar ɗaya ya shinshino nama sai ya zauna a gefen jakar, jami'i ya ce a buɗe. Na gani da idona, wani bawan Allah ya tsaya yana zufa a gaban jama'a. Tsananin nan yana da dalili: a 2010 cutar baki da kofato ta ɓarke a lardin Miyazaki, sai da aka hallaka shanu da aladu kimanin 290,000. Ka ga kuwa ba za su saurari magiya ba. Kana neman amanar kamfani, ka fara da shiga hannun hukuma tun daga bakin ƙofa?

Yunwa kuma ba za ta kama ka ba. A unguwar Shin-Okubo akwai shagunan halal, haka a babban masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara, inda za ka yi Juma'a ka sayi guzuri. Shagunan 7-Eleven da Lawson da FamilyMart galibi ba sa rufewa dare da rana, za ka samu dafaffen ƙwai, ayaba, madara da curin shinkafa da suke kira onigiri.

Inda za ka yi hattara shi ne romo da miya. Taliyar ramen sau da yawa da ƙashin alade ake dafa romonta, kuma suna zuba mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, a girki da yawa, har na kifi. Ka riƙe wannan harafin a wayarka, 豚, shi ne alade, ka riƙa duba bayan leda.

In ka shiga Akihabara sayen kayan lantarki, ka tuna wutarsu bolt 100 ce, tamu 230. Ka ce a ba ka wanda aka yi don ƙasashen waje, in ba haka ba ranar da ka jona shi a gida yana iya ƙonewa. Allah ya kai ka lafiya.